Wutar Lantarki a Wurin Gini: Dalilin Horon Mai Ganganci Ko da Ba a Yi Hatsari Ba

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga wurin da ake gini ya ga yadda ake wasa da wutar lantarki: a cusa tsirarar waya cikin soket a tokare ta da tsinken ashana, ko a bar waya mai ɗaurin leda kwance cikin ruwan kwaɓin siminti. Idan shugaban ma'aikata ya tashi yin horo, sai mai laifi ya ce, "Ai ba abin da ya faru." Wannan darasi zai nuna cewa a idon kimiyya wannan uzuri ba shi da tushe.

Abin da Lissafi Ya Nuna

A shekarar 1827 wani Bajamushe mai suna Georg Ohm ya bayyana cewa yawan wutar da ke ratsa abu daidai yake da ƙarfin da ke tura ta, idan aka raba shi da turjiyar abin. Ana auna ƙarfin da bolt, turjiya da ohm, wutar kuma da amfiya. Amfiya 1 tana da miliamfiya 1,000.

Wutar gidajen Nijeriya bolt 230 ce. Turjiyar jiki mai busasshiyar fata tana iya kai ohm 100,000, wato miliamfiya 2.3 ke nan za ta ratsa mutum, ya ji fizga kawai. Amma idan gumi ko ruwa ya jiƙa fata, turjiyar takan faɗo zuwa kimanin ohm 1,000, wutar ta zama miliamfiya 230. To, daga miliamfiya 10 zuwa 20 tsokar hannu kan ƙage har mutum ya kasa sakin waya. Daga 50 zuwa 100 kuwa bugun zuciya yana iya rikicewa, rai ya salwanta.

Ashe ke nan waya ɗaya ce za ta fizgi birkila da safe ya yi dariya, ta kashe leburan da ya jiƙe da gumi da azahar. Fis mai amfiya 13 ba zai cece shi ba, domin wutar da ke kisa ba ta kai ta ƙona shi ba. Abin da ke ceto shi ne na'urar da ke katse wuta da zarar ta ji yoyon miliamfiya 30. A Ingila ma, akan rage ƙarfin wutar kayan aikin hannu a wurin gini zuwa bolt 110.

Matakan Horo

Tunda tazarar da ke tsakanin fizga da mutuwa ba ta hannun mai ganganci, aikin da ya yi ake dubawa, ba sakamakonsa ba. Ga yadda akan tsara horo:

1. Koyarwa. Ba a hukunta mutum kan ƙa'idar da ba a sanar da shi ba.
2. Gargaɗin baki, kan laifi kamar jan waya ta kan hanya.
3. Takardar gargaɗi, idan ya maimaita.
4. Dakatarwa, daga nan sai sallama.

Akwai laifuffukan da ba sa jiran waɗannan matakai, kamar mayar da wutar da wani ya kashe ya kulle yana aiki, ko ɗaga rodi a ƙarƙashin babbar waya mai bolt 11,000. Mai yin haka akan fitar da shi nan take, sannan a saurari bayaninsa.

Horo ba ya tasiri sai da adalci. Ɗan kwangilar da ya ƙi sayen filogi da waya mai kyau, ko ya ba wanda bai ƙware ba aikin haɗa wuta, shi ne babban mai laifi. A Nijeriya hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke ba masu haɗa wuta takardar shaida. Haka kuma kada a tsangwami wanda ya kawo rahoton lalatacciyar waya, don in aka yi haka kowa zai ja bakinsa.

Kammalawa

Dokar 2010 ta tanadi diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki, sai dai diyya ba ta mayar wa marayu ubansu. Rigakafi dai ya fi magani.

Tambayoyi

1. Miliamfiya nawa za ta ratsa jiki mai turjiyar ohm 2,000 a bolt 230?
2. Me ya sa fis ba ya kare ran mutum?