Kaskon kare: a bar shi cike, ko a tsayar masa da lokaci?

A Katuru da ƙauyukan da ke tsakanin Shinkafi, Zurmi da Ƙauran Namoda, ba don ƙawa ake ajiye kare ba. Ko dai mai gadin gida da garke ne, ko na farauta, ko mai bin dabbobi kiwo. A 'yan shekarun nan da barci ya yi wuya a arewacin Zamfara, haushin kare da tsakar dare ya zama abin da magidanta ke kasa wa kunne. Amma ka zaga gidaje ka tambayi lokacin da karen ke cin abinci, amsar da za ka fi ji ita ce: "Ai kare shi ke nemar wa kansa." Wasu kuma, musamman masu ɗan hali, sun bi ɗaya ɓangaren: a cika kasko da safe a bar shi nan har dare, in ya ga dama ya ci.

Duka biyun abu ɗaya ne a wurina, domin a kowanne babu mai iya faɗa maka abin da karen ya ci, ko nawa ya ci, ko ma ya ci ɗin. A Turai da Amurka masu karnuka kan yi muhawara kan barin abinci a kwano yini guda, amma nasu busasshen abincin kamfani ne, a ɗaki mai sanyi, ba kaza ba akuya. Namu tuwon dawa ne da ƙanzo da ɗumame, a tsakar gida, cikin rana. Shawarata ga gidajenmu ita ce a tsayar da lokaci, sai a wasu 'yan wurare da zan ambata.

1. A ɗaura cin a kan lokutan salla. Karen da ya wuce wata 6, sau biyu ya ishe shi a rana. Na farko bayan an idar da sallar asuba, lokacin da ya gama aikin dare kuma gari bai ɗau zafi ba. Na biyu da la'asar sakaliya. Ba a bukatar agogo, kiran salla ya wadatar, kuma ba za a daɗe ba karen zai fara riga ku zuwa wurin kaskon. Kada a ba shi da tsakar rana a bazara, zafi kan hana shi ci, abincin ya lalace a banza. Kada kuma a ja na yamma har bayan isha'i. Karen da ya cika ciki daidai lokacin rufe ƙofa barci zai yi, alhali a lokacin ne ake bukatar kunnensa.

2. Minti 15 zuwa 20, sai a ɗauke kasko, ko ya cinye ko bai cinye ba. A watan Afrilu zafin yankinmu kan haura digiri 40, kuma tuwon da aka jiƙa da romo ba ya daɗewa a irin wannan yanayi kafin ya yi tsami. Kafin nan ma ƙudaje da kiyashi sun rufe shi, kaji sun tone, akuya ta sa baki. Da dare ɓeraye su zo, inda ɓera ya yawaita kuwa maciji na biye da shi. Ga kuma yaro mai rarrafe, wanda duk abin da ya samu a ƙasa bakinsa zai kai.

3. Yunwa ba ta sa kare gadi. Wannan ita ce maganar da na fi so ta shiga kunnen magidanta, domin har yanzu akwai masu cewa in kare ya ƙoshi sai ya yi lalaci, gara a bar shi da yunwa ya yi zafi. Ku duba abin da ke faruwa a zahiri. Kare mai yunwa ba ya zama a gida. Yana bola, yana bayan mahauta, ranar Alhamis kuma in yana kusa da Shinkafi yana gindin teburan masu nama a kasuwa. Shi ne mai kama 'yan tsakin maƙwabta, har a kai ƙara gaban mai unguwa. Shi ne mai karɓar duk abin da baƙo ya jefa masa, ko da tsokar da aka barbaɗa wa guba ce, kuma ɓarawon dabbobi ya san haka. A wajen yawon nan ne yake faɗa da karnukan da ba su da masu su, ya dawo gida da cizo. Zafin da yunwa ke sa masa ba a kan ɓarawo yake ƙarewa ba, a kan yaran gida da na maƙwabta yake ƙarewa.

Karen da ya san rabonsa na zuwa sau biyu a wuri ɗaya, daga hannun da ya sani, wurin nan yake tsarewa. Kuma akwai haƙƙi a ciki. Addini ya yarda a ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, malamai da dama sun haɗa da tsaron gida idan akwai bukata. Duk dabbar da mutum ya riƙe, cinta da shanta na wuyansa. Kowa ya san hadisin matar da ta kulle kyanwa ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa.

4. Kasko ne ke fara gaya muku kare ba shi da lafiya. Wanda ya saba lashe kaskonsa tas, ran da ya shinshina ya juya, kun gani nan take. Idan abinci na nan zube yini guda, ko kare na ci a waje, sai ya kwana uku ba ya ci ba wanda ya lura. Ƙin ci sau ɗaya a ranar zafi ba abin tayar da hankali ba ne. Idan ya kai kwana ɗaya cur, ko ya haɗa da amai, gudawa mai jini, ko dasashi ya yi fari, a nemi malamin dabbobi. Sau da yawa kaska ce ko tsutsar ciki. A ɗan kwikwiyo kuwa gudawa mai jini da amai na kashewa cikin 'yan kwanaki, ba a jira.

Akwai ƙin cin da ya fi kowanne haɗari. Idan kare ya canza hali, yana dalalar da miyau, yana son haɗiya ya kasa, bakinsa a buɗe kamar ƙashi ya maƙale masa, kada kowa ya sa hannu a bakinsa don ciro ƙashin. Ciwon haukan kare kan zo da wannan kama. A killace shi, a kira ma'aikatan dabbobi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe kimanin mutum 59,000 a duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar karnuka, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a kai shi asibiti ranar, ba sai an ga alama ba, domin in alama ta bayyana magani ya ƙare. Rigakafin karen kansa ana fara shi ne yana wata 3, a maimaita duk shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato na haɗa wannan allura, a tambaya a ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma ko a Gusau.

5. Inda ake sassauta doka. Karya mai shayarwa, musamman a mako na uku da na huɗu bayan haihuwa, tana bukatar ninki biyu zuwa uku na abin da ta saba ci. Ita kam a ba ta iya cinta. Sai dai tunda abincinmu jiƙaƙƙe ne, maimakon a tula mata a bari, a riƙa kawo sabo sau huɗu ko biyar a rana. 'Yan kwikwiyo na fara lasar kunu mai kauri suna mako 3 zuwa 4, a yaye su a mako na 6 zuwa na 8. Daga nan zuwa wata 3 sau huɗu a rana, daga wata 3 zuwa 6 sau uku, sannan su koma biyu. Karen da ya rame ƙwarai ko ya tashi daga ciwo, kaɗan-kaɗan ake ba shi sau da yawa, kada tausayi ya sa a cika masa kasko a rana ɗaya. Wanda kuma yake sayen busasshen abincin kamfani daga Gusau ko Sakkwato, zai iya barin sa a kwano ba tare da ya yi tsami ba, amma ya auna rabon yinin tukuna.

6. Tuwo kaɗai ba ya riƙe kare. Yana cika ciki, amma za ka ga gashi ya bushe, ƙugu ya tsuke. A haɗa da abin da ke gina jiki gwargwadon hali: tumbi da huhu da sauran kayan ciki daga mahauta, dafaffen ƙwai, garin busasshen kifi da aka cire wa ƙaya, wake da ya dahu luguf, ɗan nono mai tsami, kabewa ko dankali. Kayan ciki dole a dafa su. Ƙululun ruwa da ake gani a hanta ko huhun tunkiya, akuya ko raƙumi, waɗanda mahauci kan yanke ya jefar, ƙwayar tsutsa ce a ciki. Kare ya ci ɗanye, tsutsar ta girma a hanjinsa, ƙwanta ya fito a kashinsa, ya koma jikin dabbobi da mutane, a mutum har ya kai ga tiyata. Don haka a ba kare maganin tsutsa duk wata 3.

Da Babbar Salla a kula sosai. Karen da ya shekara a kan ƙanzo, rana ɗaya a tara masa kitse da ɗanyen hanji da kan rago, washegari sai amai da gudawa. A dafa, a raba masa a kan kwanaki.

7. A cire rabon kare kafin a zuba miya. Miyarmu cike take da albasa da tafarnuwa, su kuwa suna lalata jinin kare, ɗanye ko dafaffe, musamman in kullum ne. Yaji da gishiri mai yawa ba nasa ba ne. Goro, shayi, kofi da cakulan duk suna da sinadarin da jikin kare ba ya iya fitarwa da sauri, kada yara su yi wasan ba shi. Dafaffen ƙashi, musamman na kaza da zabo, kan tsage ya soki hanji. Masara, gyaɗa ko ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna, wanda uwargida ta ce ba na mutane ba ne, ba na kare ba ne ma: gubar da ke ciki hanta take kamawa, kare kuma na cikin dabbobin da ba sa jure ta. Mushe a binne shi da zurfi. In an sa shinkafar ɓera a rumbu, a ɗaure kare, a kwashe matattun ɓerayen da safe.

8. Ruwa shi ne abin da ake bari ko da yaushe, dare da rana, a inuwa. Kare mai nauyin kilo 15 kan sha kusan lita ɗaya a rana, a bazara fiye da haka nesa ba kusa ba. Wanda aka ɗaure, a tabbata igiyarsa ta kai ga ruwan kuma inuwar ba ta gushe masa da azahar ba. A sa kasko mai nauyi da ba zai kifar ba.

9. Kowane kare da kaskonsa, da tazara a tsakani. In an haɗa su, babban ya cinye, ƙaramin ya rame, faɗa ya tashi. Kada yaro ya matsa kusa da kare yana cikin ci, ko da kuwa shi ya raine shi.

10. Hannu ne ma'auni. A shafa haƙarƙarinsa duk mako biyu. Idan ana ƙirga su da ido daga nesa, har ƙashin ƙugu ya fito, a ƙara masa. Idan sai an danna kafin a ji su, a rage. Daidai shi ne a ji su da shafa ɗaya ba tare da sun yi tsini ba. A ƙauyukanmu rama ta fi yawa, amma a gidajen cikin gari inda kare ke ɗaure kasko cike, ƙiba ta fara bayyana. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 ya bi karnuka 48 nau'in Labrador tsawon rayuwarsu. Rabin da aka rage wa kashi 25 cikin 100 na abinci sun fi 'yan'uwansu daɗewa da kusan shekara biyu.

Karen farauta da mai bin garke suna ƙona abinci fiye da na zaure, rabonsu ya fi. Amma kada a cika wa na farauta ciki ana shirin fita daji. Ɗan kaɗan da sassafe, babban cin bayan an dawo ya huta ya daina haki.

11. A ɗora aikin a kan mutum ɗaya, da mai maye gurbinsa in ba ya nan. Inda kowa ke jefa wa kare loma, kowa kan ɗauka wani ya ba shi. Mai aikin shi zai wanke kasko kullum da sosonsa daban, nesa da kwanukan gida, ya wanke hannu da sabulu. In tafiya ta kama iyali, ko hali ya sa an bar gari na ɗan lokaci, a damƙa karen ga maƙwabci tare da ɗan hatsi, kada a tafi a bar shi ɗaure.

Wanda zai sauya wa karensa tsari, ya yi haƙuri da kwanakin farko. Wanda ya saba da kasko cike zai iya ƙin ci da safe, ya zo yana kuka da hantsi. Kada a ba shi komai sai ruwa har lokacin yamma ya yi, lafiyayyen babban kare ba zai cutu da wannan ba. Wanda ya saba da yawo kuwa, a riƙa kiransa da suna ɗaya da sauti ɗaya a duk lokacin ci, ko da ƙwanƙwasa kaskon ne, kuma a makon farko a sa masa ɗan romo ko kayan ciki a na yamma don ya fi abin da yake samu a bola.