Jagoran masu hawan dutse a ƙasar ƙanƙara

A can ƙarshen duniya ta kudu akwai wata nahiya da ake kira Antaktika. Girmanta ya kai na ƙasarmu Nijar sau goma sha ɗaya. Ba gari, ba kasuwa, ba itace ko ɗaya. Ƙanƙara ce ta rufe kusan ko'ina. Dutsen da ya fi tsawo a can shi ne Vinson, mai mita 4.892. Dutsen Bagzan na Ayar, wanda ya fi kowane tsawo a Nijar, mita 2.022 gare shi. A shekarar 1966 ne wasu Amurkawa suka fara kai wa ƙolin Vinson.

Kowace shekara baƙi suna zuwa hawan wannan dutse. Amma baƙo ba ya tafiya shi kaɗai, sai da jagora. Aikin jagora ya yi kama da na madugun ayarin gishiri mai ratsa Tenere zuwa Bilma: shi ya san hanya, kuma rayukan mutane suna hannunsa.

Lokacin aiki

Wata uku kawai ake hawan, daga Nuwamba zuwa Janairu. Lokacin da mu ke cikin ɗari, su a can sanyi ya ɗan yi sauƙi, rana kuma ba ta faɗuwa ko da tsakar dare. Duk da haka sanyi yakan kai digiri 30 ƙasa da sifiri. Ku tuna, a sifiri ne ruwa ke daskarewa.

Shirin jiki

Tun da sauran watanni jagora ke fara shiri. Yakan ɗaura tsohuwar tayar mota a ƙugunsa da igiya, ya yi ta janta. Me ya sa? Domin a can ba raƙumi, ba jaki. Kowa shi ke jan kayansa a kan wani abin ja marar ƙafafu mai sulɓi bisa ƙanƙara, ga kuma jaka a baya. Yakan je wurin likita a duba shi, har haƙoransa, don ciwon haƙori a can babbar wahala ce.

Yana kuma maimaita aikin igiya. A cikin ƙanƙarar akwai ramuka masu zurfi kamar rijiya, ƙanƙara mai laushi ta rufe bakinsu. Shi ya sa matafiya ke ɗaure junansu da igiya ɗaya. In mutum ya rufta, sauran su riƙe shi, jagora ya fito da shi. Ba a koyon wannan a bakin rami.

Shirin kaya

Jagora yana rubuta kayan duka a takarda, ya duba su ɗaya ɗaya: tanti mai jure iska, riguna masu gashin tsuntsu a ciki, takalma masu ƙarafa masu tsini a ƙasa, ɗan gatarin sarar ƙanƙara, magunguna, da tarho mai aiki da tauraron ɗan Adam. Safar hannu ba ɗaya ya ke ɗauka ba. In iska ta fizge ta, yatsu suna iya daskarewa, su yi baƙi, har a yanke su. Baƙin tabarau ma dole ne, saboda hasken rana bisa farar ƙanƙara yana makantar da mutum na ƴan kwanaki.

Abin da ya fi kula da shi shi ne risho da mansa. Ruwa ya kewaye su, amma duk a daskare ya ke. Sai an narka ƙanƙara a tukunya kafin a sha. In risho ya lalace, ƙishirwa ta kama su kamar wanda salkarsa ta fashe a Tenere. Don haka yana ɗaukar fiye da ɗaya. Abinci kuwa yakan ƙara na kwanaki da yawa, domin guguwa tana iya tsare su cikin tanti.

Tafiya

Daga garin Punta Arenas na ƙasar Shili jirgin sama ke ɗaukar su, ya sauka bisa ƙanƙara a zangon Union Glacier bayan tafiyar awa huɗu da wani abu. Daga nan ƙaramin jirgi ya kai su gindin dutsen. Abin da aka manta, an manta ke nan.

Akwai doka kuma. Ƙasashe sun sa hannu a yarjejeniyar Antaktika a 1959, suka ƙara ta kare muhalli a 1991. Ba a barin shara a can, har bayan gida ana zuba shi a leda a dawo da shi.

Wani lokaci ƙolin dutse yana kusa, sai iska ta taso. Baƙo ya biya kuɗi da yawa, yana so a ci gaba. Jagora nagari sai ya ce: «Mu koma.» Shirya zuciya ga faɗin wannan magana shi ne shiri mafi wuya.

Tambayoyi

1. A waɗanne watanni ake hawan dutsen Vinson?
2. Da mita nawa Vinson ya fi Bagzan tsawo?
3. Me ya sa matafiya ke ɗaure junansu da igiya?
4. Ina amfanin risho a ƙasar ƙanƙara?
5. Ku tambayi wani dattijo yadda madugu ke shirin tafiya, ku rubuta abu biyar da ya ke tanada.