Yadda Za Ka Gane Tsohon Kuɗin da Aka Goge

Gidaje da yawa ba sa rasa anini, kwabo mai huji ko sule a ƙasan adakar kaka, tun na kafin zuwan naira a 1973. Masu tara tsofaffin kuɗi suna neman su, amma wanda aka dirje darajarsa faɗuwa take yi. Ko na gado kake dubawa, ko wani ya kawo maka talla a kasuwar Jega, ga abin lura.

1. Haska shi ta gefe da fitilar waya.
Riƙe shi ta baki, ka riƙa karkata shi a hankali. In ka ga siraran layuka sun jeru sun nufi waje ɗaya, toka ce ko yashi ko soson ƙarfe. Ƙarzuwar yawo a aljihu ba ta da tsari, ko'ina take bi.

2. Kada ƙyalli ya ruɗe ka.
Dubi bishiyar kwakwar manjan da ke bayan sulen zamanin Turawa. In ganyenta ya siɗe amma sulen yana walƙiya kamar sabon faranti, hannu ya taɓa shi. Kuɗin da ya sha yawo har ya siɗe ba ya zama da hasken sabo.

3. Leƙa tsakanin haruffa.
Tsumma ba ya shiga lungu, shi ya sa baƙi ke maƙalewa a jikin rubutu da kusurwoyin tauraron anini, fili kuma ya yi fes. Wani lokaci har farin gari za ka gani, ragowar man goge haƙori.

4. San launin kowane ƙarfe.
Sulen 1913 zuwa 1919 azurfa ne, tsufansa toka-toka ne mai ɗan duhu. Kwabon tagulla na shekarun 1950 kuwa ruwan ƙasa yake komawa. In ka gan shi jajir, ya kwana cikin lemun tsami ko tsamiya, kuma tsami kan bar 'yan ramuka da sai ka matso da ido.

5. Duba bakin liyari.
Iyayenmu mata sun yi ado da wannan azurfar mai hoton sarauniya Mariya Tereza, don haka nemi tabon da maƙeri ya cire mariƙi ko ya toshe huji. Shekarar 1780 da ke jiki kuwa kada ta sa ka biya da tsada: an ci gaba da buga shi da wannan shekarar har zamaninmu.

6. Naka, bar shi da dattinsa.
Nan ne na fi jin takaici, don yawancin ɓarnar da kyakkyawar niyya ake yin ta. Abin da toka ta kankare ba ya dawowa. Naɗe kowanne daban a takarda busasshiya, ka raba shi da leda da laimar damina, ka kuma faɗa wa yara da uwargida kada wanda ya kai shi wurin wanke-wanke.