Darasi: Dubiyar Wanda Aka Yi Wa Dashen Ƙoda



'Yar uwa, dubiyar mara lafiya haƙƙi ne na Musulmi a kan ɗan uwansa, kuma ladanta mai yawa ne. Sai dai akwai majinyacin da dubiyarki za ta iya cutar da shi idan kina ɗauke da mura, wato wanda aka yi wa dashen ƙoda. Tun da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara wannan aiki a 2002, ga kuma masu zuwa Indiya da Masar, irin waɗannan bayin Allah suna nan cikin danginmu.

Ga dalili. Jiki yana ɗaukar sabuwar ƙoda tamkar baƙuwa, sai ya nemi yaƙar ta. Shi ya sa likita ke ɗora majinyacin kan magunguna irin su tacrolimus da prednisolone don su danne garkuwar jikinsa, musamman a watannin farko. To, murar da ke sakinki cikin mako guda, shi tana iya gangarawa huhunsa ta zama namoniya. Wani lokacin ma maganin kan ɓoye zazzaɓin, ba a ankara sai abu ya yi nisa.

Don haka ki kiyaye:

1. In kina tari, atishawa ko majina, ki gaishe shi ta waya. Addu'a ba ta san nisa ba.
2. Kada ki je da yara masu mura, balle lokacin hunturu.
3. Ki wanke hannu da sabulu kafin ki shiga, a rage cunkoso a ɗaki, a buɗe taga.
4. In maigida ne ko ɗanki, da ya fara tari ko numfashinsa ya canza, a kira likitansa ranar. Maganin mura mai tsanani ya fi aiki cikin awa 48 na farko.
5. Ban da sayen magani a kemis ko jiƙa saiwa. Diclofenac da ibuprofen suna lahanta ƙoda. Kuma kada ya bar shan maganin dashensa sai da izinin likita.

In an ce miki yau ba a shiga, kada ki ce an wulaƙanta ki. Addininmu ya hana cutarwa, kuma hana kanki shiga don kare shi, shi ma zumunci ne.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.