Neman Zinariya a Busasshen Rafi: Ku Tsare Iyalinku

In kaka ta wuce, an kai hatsi rumbu, rafuka sun ƙafe, magidanta da samari da yawa sukan ɗauki diga da shebur da kwano su shiga rafi neman zinariya. Neman na kai ba laifi ba ne. Amma akwai cuta cikin wannan sana'a wadda ba ta tsayawa kan mai haƙa kaɗai, takan bi shi har gida ta kama 'ya'yansa. Ku karanta wannan takarda, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba.

YADDA ZINARIYA KE ZUWA RAFI

Asalin zinariya cikin dutse take. Yau da gobe dutsen yakan ruɓe ya farfashe, ruwan damina ya kwaso ɓarɓashinta ya gangara da shi. Da yake ta fi ruwa nauyi sau 19, sai ta nutse inda ruwa ya rage gudu, wato a kwanar rafi, da bayan manyan duwatsu, da cikin tsagar dutsen da ke shimfiɗe ƙarƙashin tsakuwa. Don haka ne mai nema ke tona yashi har ya kai dutse, ya kwashi na can ƙasa, ya rairaye shi da ruwa cikin kwano. Yashi ya tafi, baƙin rairayi da zinariya su zauna.

HAƊARI NA FARKO: RAMI

Yashi ba ya riƙe kansa. Ramin da ya wuce ƙirjin mutum yana iya ruftawa ba tare da wata alama ba. Da farkon damina kuma, ruwan da aka yi can nesa yakan taho farat ɗaya, ko da nan rana ake yi. Ramin da aka bari a buɗe yakan tara ruwa, sauro ya hayayyafa, yara da dabbobi su faɗa ciki.

HAƊARI NA BIYU: DALMA

In zinariyar yashi ta yi ƙaranci, mutane sukan bi rafin su hau har su iske dutsen da take fitowa, su fasa shi. A wasu wurare wannan dutse yana haɗe da dalma, irin wadda ke cikin dutsen tozali. Dalma guba ce.

Ga abin da ya faru a Jihar Zamfara cikin shekarar 2010. A ƙauyukan ƙasar Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, aka riƙa kawo dutsen cikin gida, ana daka shi a turmi, ana niƙa shi a injin niƙa. Ƙura ta bi tsakar gida da ɗakuna da abinci. Da fari agwagi suka fara mutuwa, sa'an nan yara. Yara wajen 400 suka rasu, galibinsu ba su kai shekara 5 ba. A 2015 aka sāke yin irin wannan a ƙasar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Me ya sa yara? Yaro a ƙasa yake wasa, kome ya taɓa sai ya kai baki. Jikinsa kuma yana shan dalma ninki 4 ko 5 fiye da na babba. Alamunta su ne ciwon ciki, da amai, da ƙin abinci, da kasala, daga baya jijjiga da suma. Wani yaron ba a ganin kome a jikinsa, amma gubar tana cin ƙwaƙwalwarsa, ya taso karatu na yi masa wuya. Gwajin jini ne kaɗai ke nuna ta.

HAƊARI NA UKU: ZAIBA

Zaiba ita ce farin ruwan ƙarfen nan mai nauyi da ake zubawa don ya kama zinariya, sa'an nan a ƙona. Tururinta ba shi da wari, amma yana shiga huhu ya taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, ya sa makyarkyatar hannu. Yana kuma cutar da jaririn da ke ciki. Wadda ta zube a rafi takan shiga jikin kifi, mu kuwa mu ci.

ABIN DA ZA KU YI

1. Kada ku kawo dutse ko ƙasar haƙa cikin gari. Mai unguwa da dattawa su keɓe wurin aikin nesa da gidaje da rijiyoyi.
2. Kada yara da masu ciki da masu goyo su je wurin, ko da talla ne ko kai abinci.
3. Ku jiƙa dutse da ruwa kafin ku daka, don ƙura ta kwanta.
4. Turmi da injin da kwano da buhun da suka taɓa dutse kada su sāke taɓa abinci.
5. In kun tashi aiki, ku yi wanka da sabulu, ku bar tufafi da takalman aiki can.
6. Kada ku ƙona zaiba a ɗaki ko a murhun girki.
7. Kada ku wanke ƙasa kusa da inda ake tonon ruwan sha cikin rafi.
8. Kada mutum ya shiga rami shi kaɗai. In hadari ya haɗu, ku fito. In kun gama, ku cike ramin.

IN YARO YA KAMU

Ku kai shi asibiti nan da nan, ku gaya wa likita ana aikin zinariya a garinku, don kada a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne kurum. Akwai maganin da ke fitar da dalma daga jini. Amma ba ya amfani in yaron zai koma cikin ƙurar nan, sai an kankare ƙasar gidan an zuba sabuwa, kamar yadda aka yi a Bagega cikin 2013. Maganin kuma ba ya gyara ƙwaƙwalwar da ta riga ta lalace.

To, maigida, zinariya a kasuwa za ta ƙare, ɗanka kuwa naka ne har abada. Ka bar ƙurar rafi a rafi. Rigakafi ya fi magani.