MAN HUHU DA TSOKAR HANYOYIN ISKA

Iskar da mutum ya shaƙa ta kan bi maƙogwaro ta shiga waɗansu bututu masu rassa kamar itace. Rassan su kan yi ta ƙanƙancewa, har su ƙare a 'yan jakunkuna miliyoyi inda iska ke saduwa da jini. Jikin bututun nan akwai wata tsoka da ta kewaye su kamar zobe. Mutum ba shi da iko a kanta. In ta saki, hanya ta buɗe. In ta ɗaure, hanya ta ƙuntata, sai a ji ƙirji yana shaƙewa kamar yadda ya kan faru ga mai ciwon fuka.

Cikin huhu kullum a jiƙe ya ke, abu biyu masu laima kuwa su kan manne wa juna. Abin da ke hana wannan shi ne wani mai da huhu ke yi da kansa, likitoci na ce masa safaktan. Kashi 90 cikin 100 nasa maiƙo ne, sauran kuwa furotin. A 1959 Mary Ellen Avery da Jere Mead a Amurka suka nuna rashinsa ne ke kashe bakwaini da yawa. A 1980 Tetsuro Fujiwara a Japan ya ɗura wa jarirai 10 irin wanda aka tatso daga huhun shanu, numfashinsu ya gyaru.

Aikin man nan bai tsaya ga jakunkuna ba, gama ya kan hau cikin ƙananan bututu ya yi ayyuka biyu. Na fari, ya kan hana laima ta taru ta toshe su. Na biyu, ya kan sa tsokar ta saki. A 2006 masu bincike a Kanada suka ɗauki bututun huhun ɓera, suka sa masa magani ya ɗaure, sa'an nan suka zuba man huhu, sai tsokar ta saki. Amma da suka kankare siririyar fatar da ta lulluɓe cikin bututun, sai man ya kasa. Watau man ba ya taɓa tsokar kai tsaye. Fatar ce ya ke tayarwa, ita kuma ta fid da sinadarin da ke sassauta tsokar.

Daga nan za a gane wahalar mai fuka. In ciwon ya tashi, fatar nan ta kan kumbura, ruwan jini ya tsattsafo cikin bututu ya lalata man, ga kuma tsoka ta ɗaure. Hayaƙin taba shi ma yana ɓata man da fatar duka.

Domin haka jama'a su kiyaye abu uku. A nisanta mai fuka da jarirai daga hayaƙin taba da na murhu. Mai fuka kada ya rabu da maganin shaƙa da likita ya ba shi, gama shi ne ke sakin tsokar nan da nan. Ba a ba da man huhu a madadinsa. Mace mai ciki kuma in naƙuda ta taso tun wata tara bai cika ba, a gaggauta kai ta asibiti, don akwai allurar da ke sa huhun ɗan tayi ya yi mansa da wuri.