Kyamarar Da Ke Leƙa Hanji: Me Ya Haɗa Ta Da Saifa?

Yau darasinmu zai bar kan waya ya shiga asibiti, amma har yanzu maganar kyamara ce.

Kwalonoskofi bincike ne da likita ke zura wata siririyar tiyo mai lanƙwasuwa, tsawonta ya haura mita ɗaya da rabi, ta dubura zuwa babban hanji. A bakinta akwai fitila da ƙaramar kyamara mai aiko da hoto kan allo kai tsaye, kamar kiran bidiyo a wayarka. Da ita ake gano gyambo, tsiro da sankarar hanji tun da wuri. A Zariya ana yin wannan bincike a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Ina saifa ta shigo?

Tiyon ba ya taɓa saifa. Sai dai saifa tana sama ta hagun ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, daidai inda babban hanji ya yi kwana, kuma wani tantani ya haɗa su. Idan hanji ya miƙe lokacin da tiyon ke shan wannan kwana, tantanin na iya fizgar saifar ta tsage, jini ya riƙa zuba a cikin ciki. Ba kasafai hakan ke faruwa ba. A 1974 aka fara ba da rahotonsa a mujallun likitanci.

Haɗarin ya fi ga wanda aka taɓa yi wa tiyatar ciki, mai shan maganin tsinka jini, da mai kumburarriyar saifa, abin da yawan zazzaɓin cizon sauro ke jawowa a yankinmu. Ka faɗa wa likita waɗannan kafin a fara.

Alamomin da za ka lura da su

1. Ciwo mai tsanani a saman ciki ta hagu.
2. Ciwon kafaɗar hagu ba tare da buguwa ba.
3. Jiri, suma ko bugun zuciya da sauri.

Yawanci suna bayyana cikin awa 24, wani lokaci sai bayan kwanaki. Kumburin iska bayan binciken yakan lafa da kansa, wannan ciwon kuwa ƙaruwa yake.

Idan kai ka raka Baba ko Inna, ajiye lambar asibitin a wayarka. Da ka ga alama, kada ka tsaya a kemis ko neman shawara a WhatsApp. Ko a Ƙofar Doka kuke ko Ƙofar Gayan, ku nufi asibiti, ka ce an yi kwalonoskofi. Hoton CT ke tabbatar da raunin. Ƙarami kan warke da kwanciya ƙarƙashin kulawa, babba kuma na iya kaiwa ga cire saifar.

Kada wannan ya hana kowa zuwa bincike, amfaninsa ya fi haɗarinsa nesa ba kusa ba. Allah Ya ƙara mana lafiya.